Gadon asibiti ko gadon ɗakinta: ina ya fi a yi jinyar tsohuwa idan ciwo ya taso?

Wata ƙanwata da ke aure a Ingila ta kira ni da daddare, muryarta na rawa. Surukarta, wadda ta haura tamanin kuma take zaune tare da su, ta kwana biyu tana tari da zazzaɓi, numfashi yana yi mata wuya. Sun kai ta sashen gaggawa, an ɗauki hoton ƙirji, an ce ciwon huhu ne. Sai likitan ya ajiye musu zaɓi biyu: ko a ba Hajiya gado, ko su koma da ita gida asibitin ya riƙa bin ta can.

"Yaya, anya ba korar mu suke so su yi ba? Mutum yana da nimoniya a ce a tafi da shi gida?"

Ban ga laifinta ba. A wajenmu idan likita ya ce "ku koma da ita gida", ɗayan biyu ne: ko babu gado, ko an kai inda sai addu'a. Amma tayin da aka yi musu wani abu ne daban, kuma ba jiya aka fara shi ba. Asibitocin gwamnati na birnin Faris sun soma kwantar da marasa lafiya a gidajensu tun 1957. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ta shigar da shi cikin tsarinta a 1994. A Amurka, likitocin tsofaffi na Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, cikinsu har da Bruce Leff, sun fara gwada shi a shekarun 1990, sai dai bai bazu ba sai da korona ta cika gadaje, hukumar inshorar tsofaffi ta ƙasar ta amince a Nuwamban 2020 za ta riƙa biyan kuɗinsa kamar yadda take biyan kwanciya. Ingila kuwa, zuwa ƙarshen 2023 ta haura gadaje dubu goma irin waɗannan, gadajen da ke cikin ɗakunan mutane amma suna cikin lissafin asibiti.

Wannan "cikin lissafin asibiti" shi ne ƙashin bayan maganar. Mara lafiyar ba a sallame ta ba. Sunanta yana cikin jerin waɗanda babban likita zai bi kullum, nas tana zuwa ta yi allurar jijiya, a ɗebi jini a kai gwaji, a kawo iskar oksijin idan ana buƙata, a bar lambar da za a kira. Ƙa'idar Amurka ta fito da shi dalla-dalla: ma'aikacin jinya ya zo da ƙafarsa sau biyu a rana, likita ya duba mara lafiya kowace rana ko da ta bidiyo ne, kuma idan abu ya rikice a iya isowa gidan cikin minti 30. Abu ne na 'yan kwanaki, a Ingila yawanci bai wuce mako biyu ba. Ba rainon tsufa ba ne, ba kuma jinyar ƙarshen rayuwa ba ce. Ciwo ne ya taso wanda a da sai an kwanta, aka ce asibitin ya tashi ya zo.

To me ya sa za a sha wannan wahalar, alhali ga gado an gyara?

Abin da gado yake yi wa tsoho

Gwaggona ta shiga asibiti da ƙafarta. Da sanda dai, amma ita take kai kanta banɗaki, ita take cika butarta, kuma ba ta yarda kowa ya dama mata kunu ba don a cewarta ba mu iya ba. Cutar mafitsara ce ta haɗu mata da zazzaɓi. Maganin ya yi aiki, wannan babu musu. Sai dai tun daren farko aka sa mata robar fitsari, aka ɗaga ƙarafunan gefen gado don kada ta faɗo, ga ledar ruwa rataye a hannu. Fitila ba ta mutuwa, gadon kusa da ita ana ta nishi, ƙarfe biyun dare a tashe ta awon jini. A dare na uku ta fara sambatu. Ta finciko allurar hannunta, tana kiran wani wanta da ya rasu tun kafin a haife ni, tana cewa a buɗe mata ƙofa awakinta suna waje. Na ce, "Gwaggo, asibiti muke." Ta dube ni kallon baƙo ta ce, "Kai ɗan waye?" Wasu cikin dangi suka ce iska ce, wasu suka ce gigin tsufa ne ya zo. Kwana tara muka yi. Ranar sallama a keken guragu muka fito da ita, kuma sai da ta yi kusan wata uku kafin ta sake tsayawa ta yi alwala da kanta.

Abubuwa biyu ne suka same ta, kuma duka biyun likitocin tsofaffi sun san su sarai. Na farko, kwanciya tana cin tsoka. A wani gwaji da aka buga a 2007 an kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya, 'yan shekara sittin da wani abu, kwana goma ba tashi, sai aka tarar kusan kilo guda na tsoka ya zube daga ƙafafunsu. Masu lafiya ke nan. Wanda dama da ƙyar yake tashi daga kujera, wannan kilo guda shi ne tsakaninsa da zuwa banɗaki da kansa. Shi ya sa kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura saba'in suke barin asibiti sun rasa wani abu da suke iya yi wa kansu kafin ciwon, ko wanka, ko sa tufafi, ko tafiya.

Na biyu shi ne ruɗewar nan ta farat ɗaya. Ba cutar mantuwa ba ce, wadda ita a hankali take zuwa cikin shekaru. Wannan cikin sa'o'i take sauka, ta lafa da rana ta tashi da dare, kuma ciwo ne da baƙon wuri da rashin barci da wasu magunguna suke haɗuwa su haifar da ita. Ba ƙaramin abu ba ce: tsohon da ya ruɗe a asibiti ya fi daɗewa a kwance, ya fi faɗuwa, wani ma hankalinsa ba ya komawa daidai yadda yake.

A nan ne gida ya yi wa asibiti fintinkau. Tsohuwa a ɗakinta ta san inda alƙibla take ba sai ta tambaya ba. Ta san taku nawa ne daga gado zuwa ƙofa. Kiran sallar masallacin unguwa yana gaya mata lokaci, jikokinta suna shigowa, abincin da harshenta ya sani take ci. Kuma tana motsi, domin babu mai ɗaga mata ƙarfe. Wani gwaji a asibitin Brigham da ke Boston, da aka buga a 2020 a kan mutum 91, ya maƙala wa marasa lafiya na'urar auna motsi: na asibiti sun shafe fiye da rabin yini a kwance, na gida ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. A binciken Johns Hopkins na 2005, mai mutum 455 'yan shekara 65 zuwa sama masu ciwon huhu ko gazawar zuciya ko tushewar hanyar numfashi ko kumburin fata, kashi 9 cikin 100 ne suka ruɗe a gida, a asibiti kuwa kashi 24. Gaskiya dai wancan binciken ba ƙuri'a aka jefa wajen raba mutane ba, don haka akwai yiwuwar masu sauƙi-sauƙin ne suka fi zaɓar gida.

Wanda na fi dogara da shi shi ne na Birtaniya, wanda Sasha Shepperd ta Jami'ar Oxford ta jagoranta aka buga a 2021, domin shi tsofaffi masu rauni na gaske ya ɗauka. Mutum 1,055 daga wurare tara, matsakaicin shekarunsu 83, kuma ƙuri'a ce ta raba su. Bayan wata shida, waɗanda suka rasu kashi 16.9 ne a ɓangaren gida, kashi 17.7 a ɓangaren asibiti, wato kusan kunnen doki. Waɗanda aka kai gidan kula da tsofaffi don sun kasa zama a nasu, kashi 5.7 ne a na gida, 8.7 a na asibiti. Ruɗewa bayan wata guda, kashi 1.7 a na gida, 4.4 a na asibiti. Kada a ɗora wa waɗannan alƙaluman abin da ba su faɗa ba. Ba su ce gida yana ƙara kwana ba. Cewa suka yi, ga tsohon da likitoci suka tantance ya dace, gida bai fi asibiti haɗarin mutuwa ba, kuma ya fi barin mutum da ƙafarsa da hankalinsa. Akwai kuma wani sakamako a cikin binciken da masu tallar tsarin ba su cika ambata ba: a watan farko, na gida sun fi na asibiti yawan komawa a kwantar da su.

Wannan ya kai mu ga abin da asibiti ya fi. Dare ne. Da rana tsarin gida yana tafiya sumul, ana shiga ana fita. Ƙarfe uku na dare kuwa, idan numfashi ya sarƙe, a asibiti nas tana taku goma daga gadon, ga iska a jikin bango, ga likitan da ke kwana, ga ɗakin kulawa ta musamman a hawa na gaba. A gida sai a kira waya a jira mota. Minti talatin a takarda kaɗan ne, a gaban mahaifiyarka da ke haki yini guda ne. Akwai kuma ciwukan da ba a ma buɗe wannan mahawarar a kansu. Baki ya karkace ko hannu ya saki, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, sai an yi hoton ƙwaƙwalwa, kuma allurar da ke narkar da gudan jinin a cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko take da amfani. Ciwon ƙirji mai kama da an ɗora dutse, faɗuwar da ta hana taka ƙafa, aman jini ko baƙin bayan gida, cikin da ya kumbura ya toshe, awon jinin da ya faɗi ƙasa jiki ya yi sanyi, fitsarin da ya ɗauke, barcin da ba a iya tayar da mutum daga shi, duk waɗannan na asibiti ne, kuma nan take. Haka idan ba a san abin da ke damun mutum ba. Jinyar gida tana yin kyau ne bayan an gano ciwon, an ga ya tsaya wuri ɗaya, an san maganinsa.

Wa zai kwana a kanta?

Na tambayi ƙanwata wannan, ta yi shiru. Mijinta aikin dare yake yi, ita tana da goyo da wasu biyu 'yan makaranta. A Turai idan an kwantar da mutum, ma'aikata ne ke yi masa wanka, su canza shimfiɗa, su ba shi abinci. Dawo da shi gida yana nufin wani kaso na wannan aikin ya dawo kan iyali, kuma mun san kan wa yake sauka: 'ya mace ko matar ɗa. Nas za ta zo ta yi minti arba'in ta tafi, sauran sa'o'in na mai jinya ne. Ita za ta juya tsohuwa don kada gyambon kwanciya ya fito, ita za ta kai fo, ita za ta kasa kunne da dare. Idan mutum ɗaya ce tilo babu mai karɓarta, a kwana na huɗu za a samu marasa lafiya biyu a gidan. Wannan dalili ne isasshe na zaɓar asibiti, kuma babu abin kunya a ciki. Kada surutun dangi na "ai uwa ce" ya sa a ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuya.

A Kano ko Zinder lissafin ya juya. A nan ko an kwantar da mutum, mu ne masu wankan, mu ne masu kawo abinci a kula, mu ne masu bin layin kantin magani da ɗakin gwaji, sannan mu shimfiɗa tabarma a baranda sauro ya yi ta biki. Ta wannan fuskar gida hutu ne ga mai jinya. Hannuwa ma sun fi yawa. Matsalarmu a wani wuri take.

Kama da wane ba ta wane. Abin da muka saba kira "a yi mata a gida" shi ne a kira wani ma'aikacin asibiti na unguwa, ko ma mai kyamis, ya zo bayan magariba ya rataya ledar ruwa a ƙusar bango, ya zuba mata allurai har ruwan ya zama rawaya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ba a yi gwaji ba, babu likitan da ke ɗauke da nauyin, babu takardar da aka rubuta abin da aka ba ta, babu shirin abin da za a yi idan ta rikice. Wani dattijo maƙwabcinmu mai ciwon zuciya, ƙafafunsa dama a kumbure, ya daina cin abinci kwana biyu, sai 'ya'yansa suka ce a ƙara masa ruwa ya samu ƙarfi. Leda uku aka sa masa a dare ɗaya. Kafin asuba ruwan ya taru a huhunsa, yana zaune ya dafa gwiwa yana neman iska, aka fita da shi a guje. Allah ya yi da sauran kwana. Ga mai gazawar zuciya, abin da ake yi galibi cire ruwa ne daga jiki, ba ƙarawa ba. Su ma allurai ba a banza suke ba: wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamaisin, da na ciwon jiki irin su diklofenak, suna iya taɓa ƙodar tsoho, kuma ba a ganewa sai da gwajin jini.

Don haka a ƙasashenmu ba "gida ko asibiti" ne ainihin zaɓin ba. Tambayar ita ce ko za a iya haɗa abin da ya cancanci sunan asibiti a cikin gidan. Ba tsari ne da ya kafu a asibitocin gwamnatinmu yadda ya kafu a Faransa ko Ingila ba. Ilimin likitancin tsofaffi kansa sabo ne a Najeriya, cibiyar farko da aka ware musu sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan. Amma iyali masu hali sukan shirya wani abu mai kama da shi tare da likitansu, kuma yana iya yin kyau idan an cika sharuɗɗa: a fara zuwa asibiti a gano ciwon, likita ɗaya sananne ya ce "nawa ne" kuma ya riƙa gani kullum, nas mai lasisi ce ke zuwa, ana rubuta zafin jiki da awon jini da fitsari da kowane magani a littafi ɗaya, ana maimaita gwajin jini. Sai wuta. Injin tace oksijin ba ya aiki minti ɗaya ba lantarki, saboda haka duk wanda zai dogara da shi sai ya tanadi sola ko janareta, da tukunyar iska cikakkiya a gefe. Sai mota da mai a ciki da direban da ba ya kashe waya, da sanin asibitin da za a nufa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan gidanku tafiyar awa guda ce daga asibitin da ke da iska, ko unguwar ba ta fituwa da dare, ni dai ba zan ba da shawarar a yi jinyar ciwon huhu a gida ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, ko a Landan muke ko a Katsina. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya nuna yawan iskar da ke cikin jini, wanda jinyar gida ta dogara da shi ƙwarai, haske yake harbawa ta cikin fata, kuma yakan yi wa baƙar fata ƙari. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa a cikin waɗanda na'urar ta nuna 92 zuwa 96, baƙaƙe sun ninka farare kusan sau uku wajen samun iskar jininsu ta yi ƙasa sosai ba tare da ta nuna ba. Lalle mai duhu a yatsa da sanyin hannu ma suna iya rikita ta. Don haka idan lamba ta ce lafiya amma Hajiya ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ko ta fara ruɗewa, a yarda da ido a kira likita.

Batun kuɗi ba zan daɗe a kansa ba, don alƙaluman waje ba sa hawa kan aljihunmu. A binciken Johns Hopkins jinyar gida ta ci kimanin dala 5,000, ta asibiti kimanin 7,500, amma wannan rarar ta mai biyan inshora ce. A Najeriya, inda fiye da kashi 70 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita, kuɗin gadon asibitin gwamnati ba shi ne mai nauyi ba, magani da gwaji ne, kuma su ko a ina sai an biya. Ƙara zuwan likita da nas da man janareta, sai ka ga jinyar gida ta gaskiya ta fi tsada. Idan aka ce maka ta gida ta yi araha sosai, duba da kyau, wani abu aka cire.

Sai dubiya, wadda babu binciken Turawa da ya lissafa ta. Asibiti yana da mai gadi da lokacin ziyara, gida ba shi da su. Da an ji Hajiya tana gida, ɗakin zai cika tun hantsi, kowa da "sannu" ɗari da tarinsa da jiƙon da ya warkar da kakarsa. Tsohuwa kuma kunya ba za ta bar ta ta ce ta gaji ba. Sai an samu mutum ɗaya mai ƙarfin hali ya tsaya a ƙofa, a gaisa daga tsakar gida. Addu'a da tofi babu mai hanawa, amma duk abin da za a sha, a nuna wa likita tukuna.

Ita kanta mara lafiyar fa? Mukan manta mu tambaye ta, mu tsaya a kanta muna shawara kamar ba ta ji. Wata tsohuwar hankalinta ba ya kwanciya sai ta ga farin kaya a kusa, wata kuwa ta gwammace komai da kwana a ɗakin da ba nata ba. A binciken Johns Hopkins mafi yawan waɗanda aka yi wa tayin gida sun karɓa, amma ba duka ba, kuma waɗanda suka ƙi ba su yi kuskure ba.

Na ce wa ƙanwata ta koma wurin likitan da tambayoyi huɗu: wa zai zo kuma sau nawa, wa za a kira ƙarfe ukun dare, cikin minti nawa za a iso, kuma idan an dawo asibiti sai an sake bin layin gaggawa ko kai tsaye za a wuce. Na ce kuma ta tambayi Hajiya. Amsar Hajiya gajera ce: "'Yar nan, ku mai da ni ɗakina." Mijin ya ɗauki hutun mako guda, wata maƙwabciyarsu 'yar Sakkwato ta karɓi kai yara makaranta. Nas tana zuwa safe da yamma, allurar jijiya kwana uku sannan aka koma ƙwayoyi. A dare na biyu zazzaɓin ya haura, suka kira lambar, aka yi musu tambayoyi, aka turo wani ya duba ta, ya ce a ci gaba. A rana ta shida aka sallame ta, tana zaune a bakin gadonta tana faɗan an sa wa kununta sukari da yawa.